Ɗarin da ya biyo Yaya Sabi'u daga gonar kallon-rana

Shekara biyar ke nan cif da rasuwar yayana Sabi'u. Ya rasu a nan Dubai, a tsakiyar zafin watan Agusta, yana lulluɓe da bargo biyu.

Masanin aikin gona ne. Wani kamfanin man girki da ke unguwar Port Saeed ya ɗauke shi aiki, shi kuma ya jawo ni na samu gurbi a ofishin kago, wato jigilar kaya, muka kama filat ɗaya a Bur Dubai. Aikinsa shi ne zagaya gonakin furen kallon-rana, wanda 'yan kasuwa ke kira sanfulawa, a ƙasashe masu tsananin sanyi, ya dawo ya faɗa wa kamfani yadda amfanin shekara zai kasance. Amma abin da ya ɗauke masa hankali daban ne. Ya yi shekaru yana tattara tarihin yanayi daga bakin tsofaffin manoma, yana bin diddigin yadda ɗari ke kashe tsiron.

'Yan Kano da ke zuwa saro kaya sukan zolaye shi. "Habibi, duniya na ƙonewa, kai kana bin sawun sanyi?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗarin na raguwa, ban musa ba. Wanda ya rage ne ya daina zuwa a kan lokacinsa." Ya bayyana musu cewa ɗumi kan zo da wuri, manomi ya yi murna ya shuka, tsiro ya leƙo, sai ɗari ya juyo da asuba ɗaya ya kwashe komai. Sauri ya haifi nawa. Sukan ce masa khalas, ya isa, su koma hirar kwantena.

Daga tafiyarsa ta ƙarshe ya dawo da hotunan wata gona, iyakar ganinka, tsiro mai ganye bibbiyu duk ya yi baƙi ya kwanta, ga rana tana haskawa tarwai. Ya ce ya tsaya a cikinta da hantsi, ba kukan tsuntsu ko ɗaya, sai wari irin na ganyen da aka dafa. Tsohuwar da ke da gonar ta matso kusa da shi. Ta buɗe tafinsa, ta zuba masa ragowar iri, ta juya. Ya shuka irin a bokitai a barandarmu, ya yi musu rumfa, yana lallaɓa su kamar jarirai.

Tun daga nan ya fara jin sanyi. Ya hana a kunna na'urar sanyaya ɗaki. Za mu tsallaka ruwa a abra, ƙaramin jirgin katakon nan, kowa na sharce gumi, shi kuwa ya zuge rigar sanyi har wuya. Likitoci sun gano ciwo a jininsa, suka ce shi ke sa shi rawar ɗari, kuma na yarda da su. Amma a gadon asibiti ya kama hannuna da yatsu kamar ƙanƙara, ya ce, "Ƙanena, ɗarin gonar nan ne ya biyo ni."

Ranar da ya cika, na koma gida da safe don ɗauko takardunsa. Na leƙa baranda. Shukokin da na ba ruwa jiya, tsaye ƙyam, duk sun yi baƙi sun langaɓe. Na san za a ce zafi ne. Sai dai shi da kansa ya koya mini bambancin: zafi na busar da ganye daga gefe har ya yi ƙamas, ɗari kuwa dafa shi yake. Waɗannan a dafe suke, jiƙe sharkaf. Na tura yatsa cikin ƙasar bokiti, na ji ta kamar daga firji aka ciro ta. An ce ruwa ba ya tsami banza. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba sai yau, Allah ne masani.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga shekarun nan. Korona ta rufe filayen jirgi, da yana raye da tafiye-tafiyensa sun tsaya. Kowace bazara mutane na cewa ba su taɓa jin zafi irin wannan ba. A bana wani abokin aikinsa na dā ya turo mini hoton wata gona ta daban, amma irin kwanciyar tsiron ɗaya ce. Ba na jin Yaya zai yi alfahari da cewa ya faɗa. Zai tambayi ranar da aka shuka ne, da wanda ya ba manomin shawara.

Bai bar littafi ba, bai bar ɗa ba, takardunsa na cikin akwati. Na ɗauka abin ya ƙare a nan, sai a farkon daminar bana Kawunmu ya kira ni daga ƙauye. Ya ce ruwa ya sauka da wuri, gari duk an fita shuka, shi ma gobe zai fitar da irin gero. Ni da ban taɓa riƙe fartanya da kyau ba, sai na ji bakina ya ce, "Kawu, a dakata. Ruwan farko ba alkawari ba ne."

Sai Kawu ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Wa ke magana?"

Na ce ni ne. Ya ce a'a, shi dai muryar Sabi'u ya ji.

Bai yi shukar ba. Ruwa ya ɗauke na makonni, maƙwabta suka sake neman iri. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa kabarinsa ya zama masa ni'ima.