Safar Hannun Baba

Babana direban motar asibiti ne. Su biyu ne kawai a motar, shi da wani ma'aikacin jinya, don haka idan an yi hatsari har da shi ake ciro mutane. Ni ce 'yarsa ta fari. Ba ya kiran sunana, ni kuma ba na ɗaga ido in dube shi. Yawancin abin da na sani game da shi, daga kayansa na sani.

A bayan ƙofar ɗakinsa akwai ƙusa uku. A ta farko yake rataye rigar aiki mai ƙyalli, wadda aljihunta ya yage Inna ta ɗinke da baƙin zare. A ta biyu hular kwano. A ta uku safar hannu ta fata mai kauri, wadda yake ɗorawa a kan siririya ta roba. Na taɓa jin yana yi wa Inna bayani: ta roba don jini, ta fata don gilashi da ƙarfe. Takalmansa kuwa a kife yake ajiye su saboda kunama.

Ina aji biyu na sakandare abin ya faru, lokacin cirar gyaɗa. An tashe mu daga makaranta, muna tafe a gefen titin Karaye zuwa Rogo, sai muka ga mutane suna gudu. Bas ɗin 'yan kasuwa ce ta yi karo da babbar mota mai ɗauke da buhuna. Gyaɗa ta watse a kan kwalta, ana takawa tana ƙaras-ƙaras. Na ga silifa shuɗi na mace guda ɗaya a tsakiyar titi, a daidaice, kamar an cire shi za a shiga ɗaki. Ƙawayena suka kutsa cikin taro, ni na laɓe a jikin darbejiya.

Ba a daɗe ba aka ji jiniya. Baba ya sauko da kayansa duka a jiki. Shi da abokin aikinsa suka fito da mutum uku. Na huɗu yana kujerar gaba, ƙarfe ya danne shi daga ƙugu zuwa ƙasa. Da Baba ya leƙa tagar sai na ga ya tsaya cak. Kawunsa ne, ƙanen mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi a ƙauyensu na wajen Beli tun yana maraya.

Matar Kawu tana cikin bas ɗin ita ma, goshinta kawai ya fashe. Tana ganin Baba ya miƙa hannu ta taso.

"Kai ɗan nan! Kawun naka za ka taɓa da fata, kamar mai jan mushe? Mutumin da kuka ci tuwo kwano ɗaya?"

Ma'aikacin jinyar ya ce, "Iya, aikin ne haka. Ko wane ne a ciki, sai an sa."

"Ba da kai nake ba, mai farar riga. Da ɗanmu nake."

Wani daga cikin taron ya ce, "Aikin gwamnati ke nan. Jinin gidansu ma ƙyamarsa yake."

Kawu yana nan a danne. Hannunsa kawai yake ɗagawa, leɓɓansa suna motsi. A wurinmu idan mutum yana gargara, nasa ne ke riƙe masa hannu, fata da fata, ya laƙƙana masa kalmar shahada. Baba ya sa haƙori ya zare safar fata ta hannun dama, ta faɗi cikin gyaɗa. Ya zare ta robar ma.

"Direba, don Allah kada ka yi," in ji abokin aikinsa.

Ya zura hannu ta tagar. Gilashin da ya rage a jikin ƙofar ya tsaga shi daga gindin babban yatsa zuwa wuyan hannu. Bai janye ba. Ya riƙe hannun Kawu da yake jina-jina, yana faɗa masa kalmar shahada yana maimaitawa. Kafin maza su ɓanɓare ƙarfen, Kawu ya cika.

Bayan sadakar uku abokin aikin nasa ya zo gida, suka zauna a zaure. Na kai musu ruwa, da na fito igiyar takalmina ta tsinke, na tsuguna a bayan ƙofa ina gyarawa. A nan na ji. An sami katin asibiti a aljihun Kawu, ashe ya daɗe da ciwon hanta, irin wanda ake ɗauka ta jini.

Abokin aikin ya ce, "Allurar rigakafin da aka yi maka ba tabbas ba ce. Ka riƙa duba idonka. Da ya canza launi ka taho, kada ka tsaya shan jiƙo."

"Na ji. Amma kada mai ɗakina ta sani, hankalinta zai tashi."

Daga ranar na shiga gadin idon Baba. Ni ke zuba masa ruwan wanke hannu, don haka in na durƙusa da buta sai in saci kallo. Ɗinkin da aka yi masa a hannu ya warke, ya koma aiki. Wata biyu ya wuce har na fara sakin jiki. Sai ya fara rage tuwo a kwano. Wata safiya na ga farin idonsa na hagu ya yi ɗorawa-ɗorawa daga gefe.

Ban faɗa ba. In na faɗa, an san na yi laɓe, an kuma san ina kallon idon mahaifina. Na ce ai shi ma zai gani a madubin motarsa. Kullum da safe ina shirya maganar a bakina, in haɗiye ta, in ɗauki jakata. Kwana shida na yi a haka.

Rana ta bakwai muna ɓarar gyaɗa da Inna na ce, "Inna, idon Baba."

"Me ya kai idonki idon babanki?"

Na ci gaba da ɓarar. Da Baba ya shigo ta dube shi da kyau, sai kwaryar gyaɗar ta suɓuce daga hannunta.

A motarsa aka kai shi Kano, yana kwance a baya, wani yana tuƙi. Inna ta ba ni labari daga baya cewa likita ya tambayi yaushe idon ya canza, ta ce jiya aka gani. Ban gyara mata lissafin ba. Har yau ban tambayi kowa ko kwana shidan nan sun ƙara wani abu ba.

Ya dawo bayan sati biyar, wuyansa kamar na tsohon zakara. Ya rayu, amma hantar ta taɓu, bai sake hawa motar ba. Matar Kawu ta zo dubiya da ƙwan zabi, tana ta sa masa albarka, tana cewa ɗan halak ne, bai wulaƙanta kawunsa a gaban jama'a ba. Baba ya ce amin, yana kallon tabon hannunsa.

Da sabon direban ya zo karɓar kayan aiki, ni aka ce in ɗauko. Na miƙa masa rigar, da hular, da takalman, da safar fata guda ɗaya ta hannun hagu. Ya juya ta, ya ce ina 'yar'uwarta. Na san daidai inda ta faɗi, amma an daɗe da share gyaɗar.