Tsakuwa a Buhun Dawa

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Kebbe ya san Maccido. Ba shi da rumfa, ba shi da buhu ko ɗaya. Aikinsa ya ɗauki ƙwayar dawa ya ciza da haƙorin gaba. In ta ce ƙas, ta bushe, a kai rumbu. In ta lotse, da sauran danshi, ko mai ita ya yi ta rantsuwa har la'asar ba mai saye. Da ɗan abin goron da masu saye ke ba shi ya riƙe gidansa, tun yana saurayi har furfura.

To, wani marar tsoron Allah ya zuba tsakuwa a dawa don buhu ya cika. Tsakuwa fa, a abincin mutane! Maccido ya ciza, haƙori ya rabu biyu. Kafin ya gama tofar da jini, ɗan banzan ya sulale.

Sai masu shawara suka yi masa caa. Wanzami ya ce a cire a huta. Wani mai yawo da akwati ya ce zai lulluɓe shi da haƙorin Makka, ya riƙa ƙyalli kamar sabon alhaji. Matarsa Mardiya ta ce ko me za a yi a yi, ita ta gaji da kallon giɓi. Kowa ta kyau yake yi, ba wanda ya tambayi da me bawan Allah zai ciyar da iyali.

Ya hau mashin zuwa Tambuwal, ya shiga mota sai Sakkwato. Likita ta duba ta ce, "Baba, karayar ta kai jijiya, ciko ba zai yi ba. Ko a cire a sa na roba, ko a kashe jijiyar a rufe haƙorin. Kowanne ka zaɓa, ka bar cizon abu mai tauri da shi."

Ya ce, "Ɗiyata, jijiyar ga da ita nika jin dawa. In kun kashe ta, mi ya rage?"

Ya koma gida yana danna kanumfari a wurin. Ya daure har kunci ya kumbura, ido ya kusa rufewa, dole ya koma wurin likita aka kashe jijiyar, aka rufe haƙorin. Ya gwada da sauran haƙora a ɓoye, duk dawa ɗaya yake jin ta.

Aikin likita dai ya yi kyau. Ran kasuwa ana ta ihu, "Maccido ya koma yaro!" Ina ruwansu. Sai ga Maryama mai tuwon sayarwa, wadda ba ta sayen hatsin shekara sai da bakinsa, ta miƙo masa dawa a tafi. Ya ɗauki ƙwaya ya kai baki, ya tsaya, ya mayar mata.

"Maryama, nemi wani. Ban iya yi miki ƙarya."

Ta tsaya da hannu a miƙe tana waige-waige. Kasuwa cike maƙil, ba wanda za ta miƙa wa.