Sunan da ke kan lasin kakana

“Nan sama kaɗai za ka karanta musu, wurin hatimin,” in ji kakana. Ya miƙo mini takardar amma bai saki ba, babban yatsanshi na danne da tsakiyarta.

Shekarun baya ne wannan. Ina lise, makarantar sakandare, a Yamai, na zo hutun bakans Matankari da matsattsen wando da angile, Turancin Ingila, wanda bai wuce na gaisuwa ba, amma ji nike duk Arewa babu mai ilimina. Bayan la'asar ne, tsofaffi sun dawo gona suna zaune rumfar ƙofar gidanmu. Gardama ta kaure tsakanin kakana da abokinshi, wani tsoho mai baki wanda tun suna samari ba su gaisawa sai da tsiya.

Kakana abu ɗaya yake taƙama da shi a duniya. Zamanin Nasara ya yi shekara bakwai yana kasuwa a Kumasi, da teburinshi na koli, da lasi na Turawan Ingila. Lasi, takardar izinin kasuwanci, shi ne abin da muke ce ma patanti yanzu. Ranar nan abokin ya ce mishi, “Kai dai hwaɗi gaskiya, dako ka yi. Wa za shi ba Ba'are mai gudun Faransa lasi?”

Shi ne fa kakana ya tashi da kanshi, ya shiga ɗaka, ya fito da wani tsohon gwangwanin taba. Takardar na ciki, naɗe da tsumma, ta yi ja kamar an jiƙa ta da shayi.

Na karanta saman. Kumasi, ga shi nan ɓaro-ɓaro. Izinin sayar da ƙananan kaya cikin kasuwa. Na fassara musu da Hausa, har da gyaran murya. Tsofaffi sunka gyaɗa kai, abokin yana sosa gemu. Kakana ya ci gardama. Da nan na tsaya, da ba ni rubuta wannan.

To kun san jika da kaka. Ni da shi kullum cikin wasa muke, ina ce mishi tsoho ya ƙwace mini mata, shi yana ce mini ɗan birni mai hannun biredi. Na ga yatsan nan danne, sai na ce, “Mi kake ɓoyewa, tsoho? Sunan budurwa?” Na fizge takardar.

Na karanta sunan da ƙarfi. Ba nashi ba ne. Sunan uba ma ba na ubanshi ba ne. Gari kuma an rubuta Argungu.

Na ce, “Tsoho, wannan ai ba taka ba ce. Ina ka tsinto ta?”

Rumfa ta ɗauka da dariya, ni ma ina ciki, har da tafa hannu. Abokin ya ce, “To, ashe lasin aro ne. Shekara hamsin kana cika muna kunne da lasin aro.”

Na jira kakana ya rama, don bai taɓa barin magana ta kwana ba. Bai rama ba. Ya karɓi takardarshi, ya naɗe ta a hankali cikin tsumman, ya rufe gwangwani. Ya ce, “Yaro ya iya karatu.” Ya shige gida.

Da safe na iske kakata tana dama fura. Kullum in ta gan ni sai ta ce ga angona ya zo. Ranar ba ta ce ba. Ta nuna mini turmi a kife, ta ce in zamna.

Ta ce, “Kai da anka kai makarantar lakkwal, ba a koya muku ganin yatsan mutum in ya danne abu?”

Na ce wasa ne, Kaka.

“Wasan jika cikin gida ake yin shi. Kai ka kai shi rumfa.”

Sannan ta ba ni labarin, tana damu ba ta dubana. Lokacin kakana na saurayi, gardawan komandan, dogaran Baturen Faransa mai mulkin ƙasarmu, sunka zo kamun samari aikin hanya. Ya gudu ya ƙetare iyaka zuwa ƙasar da Ingila ke mulki, ba takarda ko ɗaya. A Kangiwa ya haɗu da wani saurayi, shi ma Ba'are, ɗan ƙabilarmu, tsagen fuskarsu iri ɗaya, daga baki zuwa kunne. Sunka bi ayarin masu zuwa Kumasi, a ƙasa, wata da watanni. Tabarma ɗaya, ƙwarya ɗaya. Shi wancan yana da takardar haraji ta Ingila, da sunanshi da ƙasar Argungu a rubuce.

Sun isa ba da daɗewa ba zazzaɓi ya kama abokin tafiyar. A zango ya rasu, kanshi bisa cinyar kakana. Kafin ya cika ya zaro takardar daga layar wuyanshi ya ba shi.

Mai masaukinsu, wani dattijo mai cinikin goro, shi ne ya zaunar da kakana. Ya ce mishi ba lasi ba tebur, dako za ka yi ta yi har bayanka ya karye. In kuma ka je ofis ka ce kai mutumin Faransa ne, takardar komandan za su tambaye ka, kuma ana faɗin masu gudu irinku maida su ake. Ga takarda a hannunka. Tsagenku ɗaya, akawu bai san bambancinku ba.

Kwana ukku suna bin layi, dattijon na tsaye a matsayin mai tsaya mishi. Rana ta ukku akawu ya kira sunan. Kakana bai motsa ba. Ya sake kira, shiru. Shi yana waige-waige, wai ga tunaninshi abokin ne ake kira. Sai da dattijon ya take mishi ƙafa sannan ya ce na'am. Ya dangwala yatsa, anka buga hatimi. Kakata ta ce ranar bai iya cin abinci ba.

Shekara bakwai kasuwar Kumasi da wannan sunan ta san shi. Duk shekara ya koma ofis ya sake amsa shi.

Ta ajiye ludayi, ta ce, “Ba ka lura da sunan ba?”

Na ce na ga irin na babana ne, amma ai sunan ya cika gari.

“Ya cika gari. Amma gidan ga, daga takardar can ya hito. Bakin kabari ya yi alkawali, in Allah ya ba shi ɗa namiji, sunan za ya sa mishi.”

Babana ɗan fari ne. Ban taɓa jin kakana ko kakata sun kira sunanshi ba, sai dai su ce yaron nan, ko uban su wane. Ko cikin labarin nan duka ba ta faɗi sunan ba sau ɗaya. Sunan da tsohon yake kunyar furtawa shekara da shekaru, ni na ɗaga shi gaban mutane, na haɗa da tafi. Sunan ubana kuma.

Na sami kakana bayan gida yana gyaran ƙotar hauya. Na durƙusa, abin da ban saba yi mishi ba. Na ce ya yi haƙuri, yau da la'asar zan je rumfa in faɗa musu komi.

Bai ɗago ba. Ya ce, “Ka ce musu mi? Na ci tuwo shekara bakwai da sunan mamaci? Da zan dawo gida na biya Kangiwa na nemi danginshi, ban same su ba. Har yau ba su san inda yake kwance ba. Ni in yi taƙama da wannan?”

Na ce amma dariya suke maka.

“Su yi. Ni suke ma, ba shi ba.” Ya miƙo mini hauyar. “Riƙe nan, mai hannun biredi.”

Na riƙe. Kuma gaskiya na ji daɗi da ya hana ni, don ban san da wane ido zan tsaya gaban tsofaffin nan in ce na yi wauta ba. Bakans ya ƙare, na hau mota na koma Yamai.

Sunan kuwa ya bi kakana. Mai lasin aro. A rumfa, a masallaci, har matan unguwa. Bai sake fito da gwangwanin ba, bai sake ambaton Kumasi ba, shi da ba a zama da shi minti goma bai kai ka Kumasi ba. Shekara biyu bayan nan ya rasu. Wurin zaman makoki abokin nan nashi ya fi kowa kuka, yana share hawaye da hannun riga yana cewa Allah ya jiƙan mai lasin aro. Ba da mugunta ba, sunan ne ya zauna mishi a baki. Ina zaune kusa da shi, ƙafata na taɓa tashi. Ban ce komi ba. Shi ma bai daɗe ba ya bi shi, bai san gaskiyar ba.

Da na fara harkar kayan waya, na je Lome neman patanti na ɗan shago. Komi nawa daidai, katin shaida na kart dantite, hotuna, mai tsaya mini. Ina zaune kan benci, wata madam ta leƙo ta taga ta kira sunana cikakke. Kun san mu nan sunan uba shi ne na biyu. Na ji sunan mutumin nan na Kangiwa ya fito daga bakinta, cikin ofis, a ƙasar da ba tamu ba. Sai da ta sake kira sannan na iya tashi.

Gwangwanin na wurin babana yanzu. Na taɓa tambayarshi ko ya san labarin, ya ce ya sani tun yana yaro, ya canza magana.

Abin da ke cina har yau ba fizge takardar ba ne kaɗai. Shirun ne. Tsoho ya ce kar in faɗa, na bi maganarshi, amma na san rabin biyayyar nan tsoron kunyata ne. Yau ma da nike rubutawa, sai da duk waɗanda ke rumfar sunka ƙare.

Ku da kun tsaya inda na tsaya, za ku riƙe mishi sirrin ya mutu da sunan mai lasin aro, ko za ku taka maganarshi ku je rumfa ku wanke shi?