Man da Auta Ya Sirka

Ƙanena mai fenti ne, kuma zabiya ne, da a ce ya tsaya a ɗaya daga cikin biyun da na huta. Tun yana rarrafe nake bin sa da hula. Yau shekararsa arba'in da ɗaya, ban sauka daga wannan aikin ba, ba kuma wanda ya taɓa yi mini sannu.

Auta muke ce masa a gida. Da ya isa koyon sana'a Inna ta so ya zauna a inuwa, ko ɗinki ko tsaron shago, amma bawan Allahn nan ya tsallake duk sana'o'in duniya ya ɗauki wadda ake yi a kan tsani, da tsakar rana, a jikin farin bango mai maido wa mutum haske a fuska. Aiki kam ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Idonsa ba ya gani da nisa, sai ya kusan manna hancinsa a bango, layin ya fito sak kamar an ja da zare. Masu gidaje sun gwammace su jira shi wata guda da su ba wani.

Bara wani ƙurji ya fito masa a saman kunnen hagu, ya yi ɓawo, ya ɓare, ya sake yin ɓawo. Sai da na yi safiya uku a jere ina tsaye a ƙofar gidansa kafin ya yarda muka je asibiti. Likitar fata ta kankare wurin, ta ce wannan karon mun tsallake, amma irinsa ne ke rikiɗewa ya zama ciwon daji in rana ta ci gaba da dukansa. Ta ce a nemo man kariya daga rana, a duba lambar da ke jikin robar kada ta gaza hamsin, a shafa da kauri kafin a fita, a sake duk bayan awa biyu, balle mai gumi irinsa. Auta na ta gyaɗa kai kamar mutumin kirki.

Ni na sha yawon neman man. A wani shago ma mai magani ya miƙo mini man bilicin, na ce masa wanda zan saya wa ya fi robar fari. A shago na huɗu na samu mai lamba hamsin, na kai masa da hannuna.

Rigimar farko a kan awa biyun nan aka yi ta. Wai fentin banza ne ake maimaitawa, mai kyau shafi ɗaya ya isa. Na ce masa shi ba bango ba ne, bango ba ya gumi. Ta biyu kuwa, na tarar da robar a akwatin kayan aikinsa na ƙarfe, a saman rufi, ta yi zafi har ba ta taɓuwa. Na ɗinka mata jaka, na ce ya rataye ta a inuwa. Daga nan sai matarsa ta riƙa ba ni labari mai daɗi: yana shafawa da safe, yana shafawa da rana, ba sai an yi magana ba. Har na fara yabonsa a gaban Inna.

Abin da ya dame ni shi ne robar ta ƙi ƙarewa. Man da ya kamata ya yi 'yan makonni, ga shi ana wata na huɗu. Ran nan na yi sammako ban gaya wa kowa ba, na same shi a tsakar gida a tsugunne, da wankakken gwangwanin fenti a gabansa da ɗan tsinke yana juyawa. Ya matsa man kaɗan, ya tuttula na shafawar matarsa a kai, ya ɗiga ruwa, ya ɗaga tsinken yana duba yadda yake zuba.

"Auta, me nake gani haka?"

"Sirkawa nake, Yaya. Ya yi kauri da yawa, yana barin sawu a fuska. Wane mai fenti kika taɓa gani ya shafa abu yadda ya fito daga gwangwani?"

Da alfahari ya faɗa, har yana nuna mini yadda haɗin ke bin fata sumul. Ba rowa ba ce, da rowa ce da na san maganinta. Wata huɗu yana hawa tsani da man ƙamshi a kunne, yana ganin ya gyara wa masu kamfani aikinsu. Raina ya ɓaci har na rasa ta inda zan fara. Na kama haɓarsa na juya kansa wajen haske, sai ga ɓawon ya dawo, ya fi na da faɗi, gefensa na ɗan jiƙe.

Wannan karon likita ba kankarewa ta yi ba. Ta yanke saman kunnen, ta aika da shi gwaji, ta ce sai bayan mako biyu za a san ko abin ya tsaya nan. Ina zaune a bencin asibiti ina jiransa na shirya faɗan da zan yi masa tun daga haihuwarsa har zuwa yau, na jera shi tsaf ba abin da na bari.

Ya fito da farin bandeji ya zauna kusa da ni, bai kalle ni ba. Can ya zaro sabuwar robar man daga aljihu, ya miƙo mini, ya sunkuyar da kai.

"Shafa mini a ƙeya, Yaya, ba na ganin wurin. Ki sa da yawa."

Na ajiye faɗan gefe. Na matsa man a tafin hannuna, fari, mai kauri, na fara shafawa. A ƙasan gashinsa, ta dama, yatsana ya bi ta kan wani wuri mai kaushi, ɗan ƙarami, wanda bai san da shi ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Ya tambaye ni ko na gama mu tafi, na ce ya tashi mu koma ciki, likita ba ta tafi ba tukuna.