Fetur ɗin Ɗan Takara

Ni ban yi boko ba, amma kukan inji na san shi. Motar Malam, maigidana, tsohuwa ce tun ranar da ta shigo gidanmu a Kibiya, 'yar gwanjo mai shan gas, wato dizal. Hayaƙi kam tana da shi, amma ba ta taɓa yasar da shi a hanya ba. In ya dawo masallaci da safe sai ya tashe ta, ya bar ta tana gurnani har jikinta ya ɗumama. Gas kuwa ba ya shiga tankinta sai an tace shi da tsohon ɗankwalina.

Malam ya rasu shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Wajen rabon gado malamin unguwa ya ce in ɗauki tumunina a gonar Fammar. Na ce mota nake so.

"Hajiya, me mace za ta yi da tsohon ƙarfe? Ki karɓi gona."

"Allah gafarta Malam, ita ta ciyar da mu, ba gonar ba."

Ƙannen mijina suka yi ta dariya. Na damƙa wa ɗana na fari makulli, yana jigilar 'yan kasuwa tsakanin Tarai da Rano. Abin da ta samo shi nake ci, ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba.

Sai zaɓe ya zo. Wani ɗan takara ya tara motocin rakiya a Rano, mutanensa na bi da jarkoki suna zuba wa kowa fetur kyauta. Ɗan takarar da kansa ya tsaya a kan motarmu, ya dafa kafaɗar ɗana, ya ce ai ya san mahaifinsa, a cika masa tanki. A wajenmu babba ba ya yi maka kyauta gaban jama'a ka ce a'a. Ɗan nan ya sunkuyar da kai ya yi godiya, wai da niyyar zuƙe fetur ɗin da tiyo in an watse. Ba a watse ba. Nan take ayari ya tashi, aka sa shi gaba.

Ba su yi nisa ba inji ya buga. Da igiya aka jawo min ita har ƙofar gida.

Na dubi ɗana. "Bakinka ciwo yake? Ka ce gas take sha!"

"Inna, mutane fa suna kallo."

"To ga su nan, har yanzu suna kallo."

Bakanike ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce Iya, sai dai wani injin. Ina na gan shi? Ɗan takara ya ci zaɓensa, bai ma san an yi ba. Tuwona ya koma fitowa daga gidan waɗanda suka yi min dariya.

Ranar da 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, suka zo sayenta ban fito ba. Ina ɗaki ina jin su ta katanga suna sara.