Ƙaiƙayi da Tayoyin Auta

Duk layin masu gyaran mota babu mai kiransa da sunan yanka. Ƙaiƙayi ake ce masa, kuma ya ci sunan. Shekara arba'in yana aikin taya a rumfa ɗaya, bayan gidan mai, tsakanin mai walda da mai fenti, kuma kowannensu ya taɓa yin wata guda yana gaishe shi ba ya amsawa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yatsansa ɗaya a lanƙwashe tun ranar da jak ɗin ɗaga mota ya zame masa yana saurayi. In ka kawo masa taya, kafin ya taɓa ta sai ya gaya maka irin tuƙin banzan da kake yi, don a jikin robar yake ganin komai. Direbobi su zage shi a bayan ido, gobe su dawo, saboda tayar da ya ɗaura ba ta rawa.

Su uku iyayensu suka haifa: Yaya Babba, mace mai ɗinki, sai shi, sai Auta, wanda ya zo bayan an fid da rai. Ƙaiƙayi ya gaji rumfar mahaifinsu. Auta kuwa bai taɓa son warin roba ba. Ya koyi gyaran famfon rijiyar burtsatse, ya sayi mota, kuma ko rami zai shiga sai ya fesa turare.

Wata shekara Auta ya kawo motarsa ta farko tare da abokansa, ya ce a sa mata tayoyi masu faɗi, irin masu leƙowa waje, don ta yi kwarjini. Ƙaiƙayi ya san hanyar ƙauyen da Innarsu take zaune, ya san yadda take komawa da damina. Ya buɗe baki ke nan ya ce, "Wannan tayar fa...", sai Auta ya katse shi.

"Yaya, kai dai ɗaura. Zamani ya wuce ka."

Abokan suka kwashe da dariya. Ƙaiƙayi ya haɗiye sauran maganar, ya ɗaura tayoyin, ya matse notoci tamau.

Da damina ta yi tsakiya ciwon Inna ya tashi. Auta ya ɗauko ta zai kai ta asibiti, motar ta kafe a wani kwari, tayoyin suna ta juyawa a saman laka sun kasa kama ƙasa. Tun hantsi har la'asar kafin a samo tarakta ta janyo su. Inna ta kwana tara a asibiti, rai ya yi halinsa. Likita bai ce jinkirin ne sanadi ba, babu ma wanda ya ce. Amma tun daga wurin zaman makoki 'yan'uwan biyu suka daina ga maciji da juna. Shekara goma sha bakwai. In sun haɗu a gidan Yaya Babba, ɗaya na shiga ɗaya na neman takalminsa.

Wata safiya, ana saura kaɗan ruwan farko ya sauka, Ƙaiƙayi yana lalubar ƙusa a cikin wata taya sai ga farar a-kori-kura, matsakaiciya mai ƙofa huɗu, ta tsaya a bakin rumfarsa. A bayanta an ɗaure sababbin tayoyi biyar, dogaye, sirara, masu manyan haƙora. Yaya Babba ce ta fara saukowa, tana dafe da gwiwa. Da Ƙaiƙayi ya ga Auta ne ya fito ta ɓangaren direba, furfura ta cinye masa gemu, sai ya mai da kansa cikin tayar.

"Ba ka iya gaisuwa ba ne, ko sai na durƙusa maka?" in ji Yaya Babba.

"Ina kwana, Yaya. Yau ba na karɓar aiki."

"Za ka karɓa." Ta ja benci ta zauna, ta ajiye jakarta a cinya. "An ba ƙanenka gyaran famfuna a ƙauyukan bayan dutse. Rumfa biyu ya kai tayoyin nan. Na farko ya ɗaura suna gugar jikin mota, na biyu ya ce ba za su shiga ba. Ni na ce a zo nan. Ba zan tashi ba sai an gama, kuma ka san ciwon ƙafata."

"Ba ni da ƙane. Wannan mai mota ne."

"Ni ma wurin mai faci na zo," in ji Auta, yana kallon gidan mai.

Ƙaiƙayi ya yi niyyar ya bar su a nan har rana ta gasa su. Amma idonsa ya riga ya sauka a kan tayoyin, kuma ya daɗe bai ga irinsu ba. Ya miƙe yana tsaki, ya ɗauko awo. Tsawo inci talatin da uku, faɗi bai kai goma da rabi ba. Irin wadda ke yanka laka kamar wuƙa har ta tarar da ƙasa mai ƙarfi.

"Wa ya zaɓa maka waɗannan?"

"Ni."

"Ashe kai ma zamani ya wuce ka."

Auta ya cije leɓe. Mai walda, da ya kashe injinsa don kunne ya samu, ya yi tari.

Aikin ya ci rabin yini. Ƙaiƙayi ya ɗaga motar, ya cire tsofaffin, ya wanke bakin kowane wili, ƙarfen da taya ke zama a kai, ya shafa ruwan sabulu, ya zaunar da sababbin, ya ba su iska har suka yi ƙara suka kama. Kowace ya ɗora ta a ma'auni ya liƙa mata dalma don nauyinta ya daidaita. Duk wannan bakinsa bai huta ba. Birkin baya ya cinye, wane irin mahaukaci ne ke tafiya da birkin hannu a ɗage? Noti biyu ba na motar ba ne. Auta yana mayar masa ɗaya bayan ɗaya, Yaya Babba tana warware wani ɗinki da ta fito da shi daga jaka kamar ba ta wurin.

Da ya sauke motar ta ƙara tsawo, ta tsaya cak kamar zakara. Sai ya shiga rumfa ya fito da injin yanka da guduma.

"Me za ka yi da wannan?"

"Zan yanke robar da ke bayan tayar gaba, in kwantar da wannan haɗin ƙarfen. Nan take guga."

"Ba za ka yanka min mota ba. Ko shekara ba ta yi a hannuna ba."

"To kwashe tsiyarka ka tafi. In ka karya kwana a cikin rami, ƙarfen ya tsaga ta, ka zauna a can kana fesa turare."

"Yanka!" Yaya Babba ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Ni kullum yanka yadin mutane nake yi, ba wanda ya mutu."

Ya yanka faɗin yatsa biyu a kowane gefe, ya daddaki ƙarfen ya kwanta, ya karɓo fenti a maƙwabta ya shafe wurin don tsatsa. Saura gwaji, kuma gwajin ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Dole wani ya riƙe sitiyari ya hau da tayar gaba kan tudun kankare, wani kuma ya kwanta a gefenta yana kallon ratar da ta rage. Ƙaiƙayi ya shimfiɗa kwali ya kwanta, kansa bai fi taku ɗaya daga tayar ba.

"Karya hagu gaba ɗaya. A hankali. In kana da niyyar take ni, yau ga dama ta samu."

Auta ya sa giya. Motar ta matsa, tayar ta hau, ta shige can cikin ramin jikin motar. Ƙaiƙayi ya zura yatsa tsakanin roba da ƙarfe, ya wuce.

"Karya dama kuma. Tsaya nan."

Injin ya mutu. Ta tagar da ke samansa muryar Auta ta sauko, ƙasa-ƙasa.

"Ranar da ka ɗaura min tayoyin can ma, ka san za su kafe."

Ƙaiƙayi yana kwance yana kallon haƙoran tayar. Shekara goma sha bakwai yana da amsa a shirye, ya sha maimaita ta shi kaɗai yana aiki. Ya neme ta ya rasa.

"Na sani," ya ce.

"Ka yi shiru."

"Na yi shiru. Kai kuma da na faɗa ba za ka ji ba."

"Ba zan ji ba. Amma da ka faɗa."

Yaya Babba ta ajiye ɗinkin. Ƙaiƙayi ya tashi yana kakkaɓe baya. Ya ɗauki sifana ya sake bin notocin da ya riga ya matse, sannan ya juya wa Auta baya ya yi magana da ƙofar motar.

"Buɗe kunnenka, ba zan maimaita ba. Allurar gudu za ta riƙa yi maka ƙarya, in ta ce tamanin ka wuce tamanin. Birki zai ƙara nisa. A hawa ka sauko da giya, kada ka kashe injin. In ka shiga laka ka rage iska, in ka fito ka mayar. Ta biyar ba za ta shiga ƙarƙashi ba, ɗaure ta a baya. Bayan kwana uku ka sake matse noti."

"Na ji."

"Ba ka ji ba. Kanka kamar dutse."

A daminar nan motar ta shiga ƙauyuka goma sha ɗaya ta fito, ba a taɓa janyo ta ba. Ƙaiƙayi a bakin Yaya Babba ya ji, ya ce aikin tayoyin ne, direban ba ya da hannu a ciki.

Ba a ce sun shirya ba. Auta yakan zo duk bayan wata huɗu a juya masa tayoyi, su yi kaca-kaca a kan iska, ya tafi yana rantsuwar ba zai dawo ba. Bayan shekara shida ciwon baya ya kwantar da Ƙaiƙayi, ya sallama rumfar. Ranar da za a kai shi asibiti Auta ne ya zo, ya cicciɓe shi ya sa a kujerar gaba. Tun daga ƙofar gida har bakin asibiti Ƙaiƙayi yana faɗa a kan yadda Auta yake taka birki, har matar Ƙaiƙayin da ke zaune a baya ta ce in bai yi shiru ba a sauke ta ta ƙarasa a ƙafa.