Ɓauren Graciete da Bakin Mestre Albano

Duk wanda ya taɓa yawo da ƙafa a cikin Lisbon, da wuya a ce bai taka aikin hannun Albano Carrasqueira ba. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana daɓen dutse a gefen titi, zaune a kan 'yar kujera mai ƙafa ɗaya, guduma a dama, farin dutse a tafin hagu. Sai ya juya dutsen sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa shi sau biyu, ya ajiye shi a gurbinsa kamar dama can don wurin aka halicce shi. Tun bai kai talatin ba aka fara ce masa Mestre, wato gwanin sana'a, kuma sunan bai sake barinsa ba, har limamin coci da shi yake kiransa.

Aikin ya cinye masa gwiwoyi, ya lanƙwasa masa baya, amma bai taɓa masa baki ba. Albano mutum ne mai haƙuri a kan komai, ban da abu ɗaya: kada ka ce a gabansa akwai wurin da daɓe ba zai zauna ba. In ka faɗa, to ka nemi wurin zama, don sai ka ji labarin kowane gangare da ya taɓa ɗaurewa tun daga bakin kogi har zuwa kan tudu.

Matarsa Graciete 'yar ƙauye ce daga duwatsun Beira. Da suka yi aure, ɗakin haya ya kai ta a hawa na uku, taga na kallon bango. Shekara bakwai ta yi a ɗakin nan tana shuka na'ana'a a gwangwanin kifi, tana cewa garin da kaza ba za ta sami inda za ta tona ba ai ba gari ba ne. Ba ta saba ba, kuma ba ta taɓa yin kamar ta saba ba.

A 1976 suka haye kogi suka sayi fili a Vale de Pardais. A lokacin babu komai a wurin sai yashi da itatuwa da mutane irinsu, waɗanda suka gaji da haya. Babu wanda ya nemi izinin gini, babu kuma wanda ya zo ya hana. Asabar da Lahadi ake aiki, yau a ɗora wa wannan rufi, mako mai zuwa a zuba wa wancan harsashi, mata na dafa miyar kabeji a tukunya ɗaya a tsakiyar layi. Shekara shida suka yi ba famfo ba lantarki, amma ka tambayi duk wanda ya rage a cikinsu, zai ce maka bai taɓa jin daɗin duniya kamar lokacin ba.

Ranar da aka gama nasu rufin, Graciete ta fito ta tarar da mijinta durƙushe a ƙofar gida, ya kafa turaku ya ja zare. Wai zai yi mata daɓen da ko a fadar gwamnati babu irinsa, fari da baƙi, da zanen furanni. Ta sa ƙafa ta ture turakun.

"Ka rufe Lisbon kaf da dutse, ban ce maka komai ba," in ji ta. "Wannan ka bar mini. Ina son in fito ƙofar gidana in taka ƙasa."

"Ke matar nan, da damina fa laka ce."

"Lakar tawa ce."

Nan take ya rantse mata cewa muddin yana numfashi, dutse ba zai hau tsakanin ƙofarsu da titi ba. Wurin bai fi taku uku a faɗi ba, goma sha biyu a tsawo. Ta shuka kabeji mai dogon kara a jikin katanga, ta dasa ɓaure a tsakiya.

Ɓauren nan shi ya zama zauren layin. Gidaje tara ne kawai, titin kuma ba ya ɓullewa ko'ina, a bakin daji yake ƙarewa. Motar mai burodi ke shigowa da safe, ta mai gas ranar Alhamis, shi ke nan. A ƙarƙashin ɓauren ake gasa kifi a watan Yuni, a nan ake ɓare wake, a nan aka shirya aure biyu aka kashe ɗaya. Yara suka girma suka watse, wasu Faransa, wasu Suwizalan. Tsofaffi suka rage, da kujerunsu, da inuwar.

Albano na da shekara saba'in da tara takardar ƙaramar hukuma ta iso. Bayan duk shekarun nan za a ba unguwar takardun mallaka, abin da kowa ya daɗe yana roƙo. Sai dai da sharaɗi: kowane layi sai an yi masa daɓen masu tafiya a ƙasa, hagu da dama, faɗin mita ɗaya da rabi. Albano bai ko ɗauko ma'auni ba. Da ido ya ga inda layin zai bi, ya ga ɓauren a tsakiyarsa tsaf.

Maƙwabcinsu Hermínio, tsohon mai yankan tikiti a jirgin fito, shi ke da rubutu mai kyau, don haka shi ya rubuta takardar roƙo. Suka ce layinsu ƙarami ne, kare ma a tsakiyar titi yake barcin rana, a taimaka a ɗauke musu wannan sharaɗi. Albano ya bi gida tara da gwiwoyinsa masu ƙara ya karɓo sa hannu. Sau uku yana sa kwat ɗin zuwa jana'iza yana hawa bas zuwa ofis. A zuwa na uku wata ma'aikaciya ta tausaya masa ta ce dokar na da ƙofa: in gidaje kaɗan ne, kuma injiniya ya shaida cewa yanayin ƙasar ba zai karɓi daɓe ba, ana yafewa. Za a turo wanda zai duba.

Ranar da za a zo, tun a wurin karin kumallo Graciete ta fara ja masa kunne.

"Ka ji ni da kyau, mutumin nan. Ka gaishe su, ka ba su kujera, ka ja bakinka ka rufe."

"To ni yaro ne?"

"Da yaro ne ai da sauƙi, sai in ba ka alewa ka tsotsa."

Hermínio ya leƙo ta kan katanga. "Dona Graciete, ki kulle shi a bayi mana har su tafi. Ni zan ce ya je asibiti."

"Kai da ko tikiti ba ka iya yankawa a miƙe ba," in ji Albano, "har ka sami bakin magana?"

Wajen ƙarfe goma injiniyar ta iso, wata yarinya mai suna Liliana Fragoso, ba ta fi talatin ba, tare da wani mai awo da ke riƙe da waya yana ɗaukar hoton komai. Watan Agusta ne, ɓaure ya nuna har yana tsagewa. Graciete ta cika mata faranti. Yarinyar ta ci uku a tsaye, ta ce kakarta ma tana da irinsa a bayan gida. Ta dubi kujerun, ta dubi titin da babu kowa, kowa ya ga zuciyarta ta riga ta karkata.

Ta zaga wurin, ta taka saiwoyin da suka kumbura ƙasa, ta dubi inda ruwan sama ya zaizaye hanya daga kan tudu. Sannan ta ɗaga murya yadda mai awo zai ji.

"Gaskiya nan da wuya. Ga gangare, ga ruwa, ga saiwa. Zan rubuta cewa ƙasar ba za ta riƙe daɓe ba."

Da ta tsaya a nan, da yau wani labarin ake bayarwa. Hermínio har ya fara cire hula zai yi godiya. Amma yarinyar, don ta ƙara wa maganarta nauyi, sai ta ɗora da cewa, "Ko gwanin gwanaye aka kawo, damina biyu ta kwashe aikin."

Albano ya motsa a kujerarsa. Graciete ta ga motsin, ta ɗora hannu a kafaɗarsa ta danna.

"Wa ya ce?" in ji shi.

"Na'am, Mestre?"

"Na ce wa ya gaya miki haka? A makaranta?"

"Albano," in ji Graciete, "je ka dubo mini tukunya."

Ina! Ya riga ya miƙe. Ya karyo karan kabeji, ya durƙusa a kan gwiwoyin da likita ya hana shi durƙusawa a kansu, ya share ƙasa da tafin hannu ya fara zane. Nan za a tare ruwan tun daga sama a karkata shi. Nan za a haƙa taƙi biyu a zuba tsakuwa a daɓe, sannan garin dutse. Nan za a karya gangaren gida uku, kowane da ɗan kwancinsa, yadda ko tsohuwa mai sanda ba za ta ji ba. Fuskarsa ta washe, muryarsa ta dawo ta ɗan shekara arba'in. Rabon da wani ya saurare shi a kan aikinsa an fi shekara goma sha biyar, ga shi yau injiniya guda ta sunkuyo tana kallon hannunsa. Mai awo kuwa sai ɗaukar hoto yake yi.

Allah ya sani yarinyar ta yi iya ƙoƙarinta. Ta sake buɗe masa ƙofa, a hankali, tana kallon idonsa.

"Amma Mestre, ka tabbata? Ni ina ganin ko an yi hakan ba zai daɗe ba."

"Ba zai daɗe ba? 'Yata, shekara hamsin zai yi ko dutse ɗaya bai motsa ba. In dai an tumɓuke ɓauren, shi ke nan."

Sai da maganar ta fita kunnensa ya ji ta. Hermínio ya mai da hularsa. Graciete ta karɓi farantin daga hannun injiniyar, ta ce mata ta gaida gida, ta shige ciki.

Har yau in aka tuna ranar nan a layin, sai an yi tsaki. Mutum ya yi wata huɗu yana hawa bas, ya tara sa hannu, an miƙo masa abin da yake nema a tafin hannu, ya sa baki ya hure shi. Amma wanda ya san Albano ya san ba wauta ba ce. An ba shi zaɓi ne tsakanin ya riƙe alkawarin matarsa da ya hana a yi wa sana'arsa ƙarya a gabansa, kuma bakinsa ya zaɓa kafin zuciyarsa ta farga.

Ya koma ofis a karo na huɗu. Ya ce shi tsoho ne, ruɗewa ya yi, a share abin da ya faɗa. Ma'aikaciyar nan ta ce ta yi baƙin ciki, amma hoton zanensa na cikin fayil, manyan injiniyoyi sun gani, har sun yaba. A watan Nuwamba amsa ta zo: ba a karɓi roƙon ba.

Ya yi ta jiran Graciete ta yi masa faɗa, ta ƙi. Da ta zage shi tas, da ya sami sauƙi. Ta ci gaba da dafa masa abinci, tana shafa masa magani a gwiwa, tana amsa masa in ya yi magana. Ɓauren ne kawai ba ta sake ambata ba, kuma wannan shirun ya fi masa kowane zagi ciwo.

Da bazara ma'aikata suka zo. Itacen da ya shekara arba'in da wani abu a tsaye, kafin azahar sun gama da shi har saiwa. Albano ya zauna daga cikin katanga yana kallo, ya hana kansa cewa uffan. Mako uku suka yi, kuma ya ga suna bin zanensa tiryan-tiryan, har karyin gangaren nan gida uku. A ransa yana ta fatan su yi kuskure, ko ɗan ƙarami ne.

Ranar da suka kwashe kayansu suka tafi, da la'asar, ya cika bokiti a famfo ya fito da shi yana ɗingishi. Ya je can saman daɓen ya sheƙa ruwan, ya biyo shi a hankali yana kallo. Ruwan ya gangara, ya karkata inda aka ce ya karkata, ya wuce ta kan inda ɓauren yake a da, ya faɗa kwata. Ko cokali ɗaya bai kwanta ba.

Da ya ɗago, Graciete na tsaye a bakin ƙofa, daga ciki, ƙafarta ba ta ƙetare dokin ƙofar ba.

"Daɓen ya zauna?" in ji ta.

"Ya zauna."

"Shekara hamsin?"

Ya sunkuyar da kai. "Zai yi."

"To madalla. Ai ka gaya musu."

Ta juya ta koma ciki. A duk tsawon rayuwarsa bai taɓa jin kunyar gaskiyarsa ba sai ranar. Ya daɗe a tsaye a kan farin dutsen da bokiti a hannu, hawaye na bin fuskarsa, rana na dukan ƙeyarsa.